Gaban Zane da Bayan Zane

A shekarun farko bayan an sauke tutar Faransa, silima ba ta da ɗaki a Dogon Dutsi. Zanen gado biyu ne aka haɗa da ɗinki, a ɗaure su tsakanin itatuwan dogon yaro biyu na filin lakkwal, wato makarantar boko, ɗinkin kuma ya ratsa hancin duk Baturen da ya kuskura ya tsaya tsakiya. Na'urar ta mishan ce. Daraktan lakkwal yake aro, wani kafinta Kirista ya turo ta a amalanke tare da injin wuta, ya zauna ya kula da ita. Fim yana zuwa daga Yamai cikin gwangwanaye, a kan buhunan gishiri na kamiyo, babbar motar kaya, in hanya ta yarda. Ranar da hadari ya taso kuwa babu kallo, kowa ya san wannan ba sai an yi shela ba.

Darakta yana ganin wayar da kan jama'a aikinsa ne, don haka kafin kowane fim sai mun kalli yadda ake tace ruwa. Mutane suna haƙuri da wannan kamar yadda ake haƙuri da kinin. Abin da ya fito da su daga gida bayan magariba shi ne 'yan leƙen asiri. Mutum cikin baƙin kwat ya sato wani abu, a bi shi da mota, ya dira daga gada, a bi shi da ƙafa.

Maza suna zama gaban zane, wajen na'ura. Mata suna bayan zane. Ba wanda ya kafa wannan doka, haka dai aka fara, haka aka ci gaba. Haske yana ratsa zanen, hoto ya fito ta baya tas. Abin da ba ya ratsawa shi ne muryar tafinta.

Tafintan shi ne malamin aji na sama, wanda muke kira mushe irin na Faransanci, dogon mutum mai farar riga da alƙalami biyu a aljihu. Faransancinsa ba shi da aibi, wannan na ba shi. Amma jikin na'ura yake tsayawa, inda inji ke ruri, ya yi ta bayani kamar yana aji. Kafin ya gama faɗa wa mutane mene ne tarho, mota ta riga ta faɗa kogi, an tsamo direban, har matarsa ta fara takaba. Maza suna tsintar rabi. Mata ba su jin ko ɗaya.

Ni a lokacin na zo bakansi, wato hutun makaranta, daga kwalej a Yamai, na zauna bayan zane kusa da Inna. Inna mace ce da ba a gama labari a gabanta ba ta tambayi dalili ba. Ko akuya ta ɓata sai ta ji wanda ya bar ƙofa buɗe. Amma ga ta zaune a tabarmarta tana kallon Turawa suna gudu, ba ta san wanda ya yi wa wani laifi ba. Na fara raɗa mata. Ta kusa da ita ta matso, ta bayanta ta matso, kafin a canja gwangwani wuyana ya ƙage saboda waige. A hanyar gida Inna ta ce, "Ashe magana suke mai kan gado. Ni na ɗauka haukar ƙoshi ce."

Washegari na tafi gaishe da darakta, don shi ya koya mini karatu kafin in bar gari. Ban iya dogon zagaye ba. Da muka gama gaisuwa na ce, "Mushe darakta, tafintanku ya cika jinkiri, kuma rabin garin ba ya jin shi."

Ban lura ba ashe mushen yana bakin ƙofa yana feƙe fensir.

"Madamazel ta zo mana da gyara daga Yamai," ya ce, bai ko ɗago kai ba. "Muryar ɗiya mace ba ta haye injin wuta."

"Ba jikin inji zan tsaya ba. Gefen zane zan tsaya, gaba su ji, baya su ji."

Darakta ya cire tabarau ya goge, ya mayar. Shi mutum ne mai tsoron hayaniya fiye da maciji. Ya ce fim ɗin da ya iso dogo ne, isansin inji kuma, wato man fetur ɗinsa, ba zai kai a yi shi zama ɗaya ba, za a raba shi maraice biyu. "Na ba ki su biyun. In filin ya zauna lafiya, wurin naki ne har ki koma makaranta. In ya rikice, mushe ya koma wurinsa, ke kuma ki koma bayan zane ki yi shiru kamar kowa."

Shirun nan ba nawa ba ne ni kaɗai. In na koma, Inna ma ta koma kallon Turawa suna gudu babu dalili.

Baba ya so ya hana. Ɗiyarsa tsaye kan benci gaban dattawa tana ɗaga murya, bai ga kyansa ba. Sai aka yi sa'a Kawu, yayan Inna, ya zo daga Dumega gyaran garma, ya ce shi zai zauna gindin bencin, wanda ya ga dama ya yi tari. Kawu tsohon ɗan kokawa ne. Wuyansa da kansa faɗinsu ɗaya, kuma har yanzu in ya shiga kasuwa makaɗa suna taɓa masa ganga. Baba ya haƙura. Inna kuwa kafin la'asar ta zagaye unguwa kaf tana cewa yau mata za su ji da kunnensu.

Da farko abin ya tafi sumul. Na hau benci a ƙarshen zane, na riƙe igiya da hannu ɗaya, na ɗan leƙa kai ta gefen maza don hoton ya fi fitowa can. Labarin ba wuya. Akwai wani ɗan akwatin ƙarfe da har yau ban gane abin da ke cikinsa ba. Wani ƙato mai sanƙo ya sace shi, aka aiko mai baƙin kwat ya karɓo, ga kuma wata mace mai gashi kamar gemun masara da ke yi wa mai sanƙo aiki amma idonta na kan mai kwat. Ba na bayanin tarho. In mutum ya ce zan kashe ka, sai in ce ya ce zai kashe ka, da muryar da ya faɗa. Na ji mata a baya suna cewa "Iye" da "Ka ji maƙaryaci", na san suna tare da ni.

Sai mai kwat ya fizgi akwatin ya faɗa mota.

Gudun fim ba kamar gudun doki ba ne da za ka bi da ido daga farko zuwa ƙarshe. Ana nuna taya, a nuna fuska, a nuna lungu, a nuna masu bi, duk cikin ƙiftawa. Wanda bai saba ba sai ya rasa wace mota ce ta wa. Nan ne aka fi bukatar tafinta. Na ja numfashi na shiga. "Ga shi nan gaba, su ne a baƙar motar baya. Ya karya dama."

Daga bayan zane wata murya ta ce, "Hauni dai."

Goggo ce, ƙanwar Baba, mai tuya ƙosai a bakin tasha. Muryarta ta saba kiran fasinja daga cikin kamiyo.

"Ya sake yin dama," na ce.

"Ke, hauni ya yi, muna gani."

Maza suka fara amsa mata ta saman zane, su ma suna gani, dama ya yi. Na san abin da ya faru tun kalmar farko. Hoton da ya ratsa zane juyewa yake, daman gaba shi ne haunin baya. Na yi sauri na mayar da kaina gefen mata na ci gaba da abin da suke gani. "Ya yi hauni." Sai gaba ta ɗauka. Wani tsoho ya buga sanda ƙasa yana tambaya ko yarinyar nan ta san hannun cin tuwonta. Na koma gaba, baya ta tashi. Na koma baya, gaba ta tashi. Mota tana gudu, ni ina lilo a kan benci kamar kazar da ke neman wurin kwana, mutane kuma sun bar kallon fim sun koma musu da juna ta cikin zanen gado. Har gwangwanin ya ƙare ba wanda ya san ko an kama mai kwat. Kafinta ya kashe inji. A hasken fitila na hango mushe yana gyara alƙalumansa, fuskarsa ɗauke da tausayi irin wanda ya fi zagi zafi.

Darakta ya kira ni gefe. "Saura gobe," ya ce.

Washegari garin ba shi da wata magana. Ban taɓa sanin mutanenmu suna da ra'ayi a kan gudun mota haka ba, ga shi yawancinsu jaki ne abin hawansu.

Na je tasha da safe karɓo ƙosai. Direban kamiyon da ya kawo fim ɗin yana zaune kan taya, ya tara mutane. Shi abin da ya dame shi daban ne. "Ni dai a nuna mini motar da za ta tsallake kwazazzabo ta dira, ta ci gaba da tahiya. Ni kwazazzabon Ɗan Kassari da lallami nake shiga, in fito ina duba ƙarfen ƙasa. Kuma duk gudun nan ba wanda ya tsaya zuba ruwa. Motarsu ba ta ƙishirwa?" Wani ya ce ai motar Turai ce. Direba ya ce tasa ma ba a Dutsi aka ƙera ta ba. Amma ya yarda da abu ɗaya, yadda mai kwat ya ja burkin hannu mota ta juya a wuri guda. Wannan, in ji shi, aiki ne, kuma wata rana zai gwada in ba kaya. Fasinjojinsa biyu da ke wurin suka dubi juna.

Goggo ta zuba mini ƙosai ba ta kalle ni ba. "An kai ki Yamai an juya miki hannuwa."

"Goggo, zanen ne. Gaba da baya."

"Na sani. Ni ma ina ɗaura zane mai fuska biyu. Amma in kin ce dama, idona ya ce hauni, wa zan bi? Da ke aka haife ni ko da idona?" Ta juya ƙosai. "Kuma mai kwat ɗin naku ba ɗan arziki ba ne. Mace ta miƙa mishi kofi ya karɓa da hauni. Ya gaisa da babba da hauni. Sannan ya bi ta cikin kasuwa ya zubar wa baiwar Allah da lemunta kaf, ko waiwaye. Ni mai sanƙo nake so ya kama shi."

Maganar hannu ban musa ba, na gaji. Maganar lemu kuwa gaskiyarta ce, ta kowane gefe aka kalla ya zubar.

A gida na tarar da Kawu a zaure yana shan fura, Baba na sauraro. Kawu bai damu da dama ko hauni ba. Shi tun kafin a shiga mota ya gama da mai kwat. Akwai inda suka kama juna da mai sanƙo a kan bene, mai sanƙo ya ɗaga shi ya maka da ƙasa.

"Bayansa ya taɓa ƙasa ko bai taɓa ba?" Kawu ya tambaye ni.

"Ya taɓa, Kawu."

"To wasa ya ƙare. A Dumega ko gwiwa ce ta taɓa, ka tashi ka kakkaɓe ka ba mutum hannu. Shi kuwa ya tashi ya ɗauki kujera ya buga wa wanda ya kada shi, sannan ya ruga."

"Kawu, hoto ne."

"Na san hoto ne, ɗiyata, ban ce aljanu ba ne. Wanda ya shirya hoton nake magana. Bai san maza ba. Ya ɗauki wanda aka kayar ya ce shi za mu bi da addu'a." Ya kurɓi fura. "Ƙaton nan kuwa yana da ƙugu. Da zan same shi wata biyu."

Da azahar darakta ya aiko a kira ni. Mushe na nan, ya zo da shawara: a tada mata su dawo gaba su zauna bayan maza, kowa ya ga hoto ɗaya, shi kuma ya tsaya inda ya saba. Na kai wa Inna maganar da gudu don na ɗauka za ta so. Ta dube ni kamar na ce ta koma gidan haya.

"Mu koma bayan ƙeyar maza mu shaƙi hayaƙin inji? Can muna kwance ɗankwali in zafi ya yi, mai goyo ta ba da nono, mu ci gyaɗa, mu zagi wanda muke so. Su dai su dawo baya in suna so."

Maza ma da aka taɓa su sun ce ba su matsawa ko taki. Shawarar ta mutu nan. Darakta ya ce to in mota ta fara gudu in kama bakina daga dama da hauni, in faɗi abin da ba ya jawo musu. Na ce to. A raina na san gudu babu inda aka nufa kamar miya ce babu gishiri, amma benci nake so in riƙe.

Maraice na biyu filin ya cika fiye da na farko. Har waɗanda ba su damu da silima ba sun zo kallon yadda 'yar kwalej za ta ƙare. Akwai fatake daga Dogon Kiriya, can arewa da mu, da suka kwana don kasuwa, sun zauna gefe guda da rawunansu. Iska tana ɗan kaɗawa, zane yana kumbura, fuskar mai sanƙo tana faɗi tana tsukewa. Inna ta shimfiɗa tabarmarta daf da bencina ta baya. Kawu yana daf da shi ta gaba. Mushe ya ɗauko kujera ya ajiye jikin na'ura, a shirye.

Magana ta tafi daidai. Macen nan ta gaya wa mai kwat inda jirgin ruwa ke jiransa, ta ce ya tafi da ita. Ya ce zai dawo ya ɗauke ta. Daga baya na ji Inna ta yi tsaki.

Sai aka sake shiga mota, wannan karo a kan hanyar duwatsu mai lanƙwasa.

"Yana gudu," na ce. "Suna bin shi."

Ba wanda ya yi musu.

"Yana ta gudu. Suna ta bi."

Ni kaina na ji muryata kamar ta mai karanta sanarwar haraji. Ba a yi hayaniya ba, gaskiya ne, amma wani ya yi hamma mai ƙarfi, Goggo kuma ta fara ba ta kusa da ita labarin tsadar man gyaɗa. Aka nuna taya, aka nuna dutse, aka nuna fuska. Sai hanya ta rabu biyu. Mai kwat ya kashe fitilarsa ya bi ɗaya, baƙar motar ta zo da gudu ta bi ɗayar. An nuna shi cikin ƙiftawa, duk daɗin wurin kuma a nan yake, amma ba wanda ya gane.

Kawu ya ɗago kai. "Ke, ina ya nufa?"

Bakina ya buɗe zai ce dama, na haɗiye. Motar mai kwat tana tahowa ne wajen gefen zanen da nake tsaye. Zanen a ɗaure yake daga kudu zuwa arewa, ni ina ƙarshen kudu, bayana kuma hanyar da Kawu ya biyo da garmarsa ce. Haushi ya ishe ni. Na nuna bayana da babban yatsa na ce, "Ya yi Dumega, Kawu. Garinku ya nufa."

Na jira ihu daga baya. Babu. Mata sun ga motar tana zuwa wajena, maza ma sun ga tana zuwa wajena. Kudu kudu ce ko ta ina ka zauna.

"Su kuma fa?" Goggo ce ta tambaya, ta manta da man gyaɗa.

"Sun ɓata. Sun yi Dogon Kiriya."

Filin ya fashe da dariya, gaba da baya lokaci guda. Ɗaya daga cikin fataken ya miƙe yana gyara rawani. "A'a, 'yar malam, mi munka yi miki za ki tura mana ɓarayi?"

"Ba su daɗewa, Baba, ga su nan sun gane, sun juyo."

Daga nan ban ƙara tunani ba. Ya yi Dumega, sun tare shi, ya juya Dogon Kiriya, ya sake karyowa. In mota ta taho kai tsaye sai in ce ta taho kanmu, kowane gefe kuma ya sunkuya, don kowa kansa ta taho. In ta yi nisa in ce ta shige cikin zane. Direban kamiyo ya miƙe tsaye yana tuƙa iska da hannu biyu, yana gaya wa mai kwat ya rage giya, gangara ce. Mata suna kiran sunayen garuruwan kafin in kira. Wata ta ce in ya wuce Tibiri ya gaishe mata da 'yarta.

Abin da ban zata ba shi ne Kawu. Mota ta ƙare, mai kwat ya fita da ƙafa, yana ɗingishi, akwatin a hammata, yana gudu wajen gefena, mai sanƙo na bayansa da bindiga. Kawu ya miƙe a gwiwa.

"Bindiga kuma? Kai da ka kada mutum da hannu?" Ya juya ga mai kwat. "Ƙara ƙafa, yaro. In ka iso Dumega baƙonmu ne, ba mai taɓa ka."

"Ba kai ka ce an kada shi ba?" wani ya tambaya daga cikin maza.

"An kada shi. Don an kada mutum sai a hana shi masauki?"

Ƙarshen dai kun san irinsa. Mai sanƙo ya zame daga kan dutse, mai kwat ya faɗa jirgin ruwa da akwatinsa. Goggo ta ce Allah ya isa. Kawu ya ce zamewa ba kaye ba ne, har yanzu ƙaton ke da ɗaya. Kafinta ya kashe inji, mutane suka tashi suna kakkaɓe tabarmi, ba wanda ya yi shiru amma ba wanda ke faɗa.

Na sauko daga benci. Darakta yana tsaye da mushe. Mushe ya riga ya fara. Cikin Faransanci ya ce wannan ba fassara ba ce, an ɗauko duwatsun Turai an dasa su a nan ƙasar Arewa, gobe yaransa za su rubuta masa cewa akwai teku bayan Dumega.

"Sai ka gyara musu, mushe, aikinka ne," na ce. Ban iya riƙewa ba.

Darakta ya goge tabaransa ya daɗe yana gogewa. Sannan ya kira kafinta ya ce masa daga yau kada a sake ɗaure zanen a wasu itatuwa, waɗannan biyun dai, don kudu da arewa su zauna inda suke. Ya juyo gare ni. "Ranar da kamiyo ya kawo wani, ki zo da wuri. Fim ɗin tace ruwan ma ke za ki yi."

Wannan ban roƙa ba, amma na karɓa.

A hanyar gida ina baya ɗauke da tabarma, Inna da Kawu suna gaba. Ban taɓa jin su suna musu a kan abin da ba gado ko gona ba. Kawu yana ta maganar ƙugu da kaye, Inna ta katse shi.

"Yaya, bar zancen ƙugu. Ya ce mata zai dawo ya ɗauke ta. Na ji da kunnena. Ya dawo?"

"Ana bin shi da bindiga, ina zai dawo?"

"Da bai ce ba. Ita ta nuna mishi jirgi, ta ɓata da ubangidanta saboda shi, ya shiga jirgi shi da akwati. Wannan za ka ba masauki?"

"Kwana ɗaya dai."

"Ko ruwa kar ka ba shi." Ta waiwayo ta neme ni a duhu. "Ke, da yana shiga jirgin nan bakinsa ya motsa. Ba ki faɗa ba. Mi ya ce?"

Na ce mata ya ce an gama aiki.

"Aiki," Inna ta ce. Ta juya ta ci gaba da tafiya, ta kama Kawu daga inda ta tsaya.